Yadda Farin Yadin Sauka Ya Koma Ruwan Makuba a Hanyar Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ban huta ba. In na je gidan kitso, "Ramatu, ya ƙasar waje?" In na je awo, "Ramatu, wai da gaske can mata ke tuƙa babur?" Daga baya kuma tambayar ta koma guda ɗaya: me ya sa 'yan saukar makarantar Baba suka fito cikin ruwan makuba bana, alhali kowa ya san fari ake sawa? To ga shi zan rubuta sau ɗaya, kowa ta karanta ta ƙyale ni. Wadda ta sake tare ni a hanya da wannan maganar, kada ta ga laifina.

Ga waɗanda ba su san gidanmu ba, mahaifina malamin Islamiyya ne a nan Birnin Kudu. Duk shekarar da aka samu masu sauke Alƙur'ani, iyayen yara kan haɗa kuɗi a sayo farin yadi iri ɗaya, a ɗinka wa 'yan mata hijabai har ƙasa. Bana har da ƙanwata Nusaiba a ciki. Da ma a Kwari ake sayowa, a je Kano da safe a dawo da yamma, babu wanda ya taɓa ƙorafi. Sai Goggo Hansatu, yayar Baba da ke aure a Gwaram, mai fataucin atamfa, ta zo ta baje a tsakar gidanmu ta ce farin Kwari ba fari ba ne, wanki biyu ya dushe. Ita za ta Kwatano sarin kaya, a ba ta kuɗin ta sayo wanda zai kashe ido. Kuma a haɗa ta da ni, don gwiwarta ta fara ciwo, ga shi ina jin Turanci.

Baba bai so ba. Ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya miƙo kuɗin, kuma ni ya miƙo wa, ba Goggo ba. Ya ce, "Ramatu, wannan amanar mutane ce. Akwai wadda ta sayar da akuyarta a ciki." Wannan maganar ce ta raka ni har bakin teku, ta kuma rako ni gida.

Daga nan zuwa Kano ba abin faɗa, kun san hanyar. Daga Kano zuwa Legas kuwa, duk wadda ta ce muku doguwar bas daɗi gare ta, ƙarya take. Kujerar gabana ta kwanto a kan cinyata tun kafin Zariya, mai ita ya ce ta lalace ne, ba laifinsa ba. Wani mai tallan magani ya tsaya a tsakiyar mota yana rantsuwa cewa ƙullinsa ɗaya na maganin basir da ciwon haƙori da mantuwa. Goggo ta saya. Ita kuma ba ta yarda a ci abincin hanya, don haka dambun nama da busasshen biredi muka yi ta tura wa cikinmu har muƙamuƙina ya gaji. A Legas muka sauka Agege, gidan wata ƙawarta, ɗaki ɗaya da mata fatake cike, kowa ta yi matashi da jakar kuɗinta. Fankar ɗakin ƙara kawai take yi, iska kuwa sai dai a ji labari. Sauron Legas kuma bai san mayafi ba.

Da gari ya waye muka je tashar da ake shiga motar Kwatano. Goggo tana da direbanta da ta saba da shi, mai ƙaramar bas, shi zai kai mu shi zai dawo da mu. A nan na fara haɗuwa da mutanen da suka jawo wannan rubutun.

Su kusan rabin motar ne, sun sha ado kamar masu zuwa biki. Babbarsu wata mata ce mai jiki da fara'a, Madam Bisi. Ta dube ni ta ce da Hausa tsaf, "Sannu 'yata. Daga Kano?"

Na ce, "Daga Jigawa."

"Ai duk ɗaya ne. Ni a Sabon Gari aka haife ni."

Na ce, "Ba ɗaya ba ne."

Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce ta ga alama za mu shirya. Kusa da ita akwai wani dogon mutum mai furfura da tabarau, Mista Toni, wai tsohon ma'aikacin banki ne. Kafin mu fita daga cunkoson Legas na gane abin da ya haɗa su. Ƙungiya gare su ta masu son jar giyar inabi. Duk shekara in Kirsimeti ya matso sai su yi ayari su tafi Kwatano sayayya, don a cewarsu can jiragen ruwa ke sauke ta Faransa da sauƙin kuɗi. Waɗanda ba su samu zuwa ba kuma suna ta turo saƙo ta waya, kowa na faɗin wadda za a sayo masa da dalilinsa, Mista Toni na karantowa da ƙarfi kamar mai sanarwa a rediyo.

Jama'a, ni dai na san giya giya ce, haramun ce, shi ke nan. Ban taɓa sanin akwai mutanen da za su wuni suna mata kirari ba. Wannan wai tana da ƙanshin itace. Waccan tana da ɗan hayaƙi-hayaƙi. Wata kuma in ta sauka a maƙogwaro sai ta bar ɗanɗanon fata. Na kasa haƙuri na juya na ce da Turanci, "Fata? Ta takalmi ko ta ganga?" Mista Toni ya dube ni ta saman tabarau ya ce sai wanda harshensa ya yi ilimi yake ganewa. Suka ci gaba. Akwai wadda ake sha da farfesun akuya, akwai ta dafa-duka, akwai wadda ake ajiye wa surukai, akwai kuma ta baƙin da suka zo ba gayyata, wadda ba a jin ciwon ƙarewarta. Har musu suka yi mai zafi kan wata shekara, wai ruwan sama ya yi yawa a wata ƙasa inabin ya yi salam. Mutanen da ban yi zaton sun taɓa riƙe fartanya ba, suna jimamin daminar Turawa!

Goggo ta ce in fassara mata. Da na fara sai ta ce, "A'uzubillahi," ta zaro carbi ta runtse ido. Can an jima ta zungure ni da gwiwar hannu. "Me mai tabarau ya ce kuma?"

A iyakar Seme muka sauka aka bi layi, ana duba takardu da katin rigakafi. Goggo ta cusa nata can cikin lalitar da ke ƙarƙashin zane biyu, sai da na tsaya na kare ta da mayafina ta kwance ta ciro, mutanen bayanmu na tsaki. Muna tsallakawa Turancina ya mutu. Ashe Faransanci ake yi, ni da aka ɗauko don fassara na koma kurma, Goggo ce ma ke ciniki da yatsu da 'yan kalmomin da ta tsinta.

Eh, gaskiya ne mata na tuƙa babur, har da masu goyo. 'Yan acaɓansu duk rawayar riga suke sawa, fetur kuma a manyan kwalabe ake jera shi bakin titi kamar manja. Mun sauka a Zango, unguwar Hausawa, gidan wani fatoma mai saukar da fatake, Bahaushe da kakansa ya taso daga Kano, Hausarsa ta ɗan karkace amma tuwonsa bai karkace ba. A waje kuwa abincinsu wani dogon biredi ne mai tauri kamar sanda, a tsaga shi a cusa masa taliya ko wake. Akwai kuma wani tuwon masara mai tsami da ake ci da soyayyen kifi da barkonon da ya sa na yi hawaye a gaban mutane. Abin da ya fi ba ni haushi, rana na take tsaka sai wasu masu kanti su ja ƙofa su tafi cin abinci da hutawa, kana tsaye da kuɗinka. A Kwari wa zai yi haka? Ko salla ce sai an bar wani a bakin shago.

Amma yadin, in faɗi gaskiya, Goggo ba ta yi ƙarya ba. Ta sa aka sauko da bandir-bandir, ta murza gefen kowanne, ta shinshina, ta ɗaga shi sama ta kalli rana ta cikinsa, ta ja zare ɗaya da haƙori. Wanda ta zaɓa fari ne tas, har da wani sheƙi kamar madara a sabuwar ƙwarya. Na biya da hannuna. Aka warware shi aka ninke mana shi gida-gida don ya shiga buhu. Na riƙa hango Nusaiba a ciki, raina ya yi sanyi. Wannan ne kaɗai lokacin da raina ya yi sanyi a tafiyar nan.

Ranar dawowa direba ya ce sai mun biya kantin giyar da su Madam Bisi ke sayayya an ɗauki kayansu. Na tsaya daga bakin ƙofa, ban shiga ba, amma ina ganin komai. Mai kantin na ɗan zuba musu a kofin gilashi mai doguwar ƙafa. Sai su juya kofin, su tura hanci ciki har tabarau, su rufe ido, su kurɓa, su kurkure baki da ita, sannan su tofar a bokiti. Na ce wa Madam Bisi da ta fito shan iska, "Ku sha ko ku bari mana. Wannan wane irin wahalar da kai ne?"

Ta ce, "Ke ba ki taɓa ganin mace na zaɓen humra ba? Ko Goggonki da yadi?"

Na harare ta na kau da kai.

Mista Toni ya fito rungume da wani kwali shi kaɗai, bai yarda kowa ya taɓa ba. Wai kwalaben ciki sun girmi ƙanwata, shekara da shekaru yana neman irinsu, ranar Kirsimeti zai buɗe wa ɗansa da zai dawo daga Turai. Ni kuwa na tsaya a kan direba da baki da hannu, na ce buhun nan nawa a sa shi gefe guda a bayan mota, kada a ɗora masa komai, kada kwalinsu ko ɗaya ya matso kusa da shi. Ya yi yadda na ce. Na duba da idona kafin ya rufe.

A iyaka muka sake sauka, ni da Goggo muka tafi sallar azahar. Ashe a nan aka cuce ni. Su mutanen nan suna da wata ƙa'ida: tsohuwar kwalba ba a barinta a tsaye, sai a kwance, wai don toshiyar bakinta kada ta bushe, kuma ba a son ta sha jijjiga ko zafi. Mista Toni ya ga an jingina kwalinsa a tsaye kusa da ƙarfen mota, hankalinsa ya tashi. Ya duba bayan motar kaf yana neman wuri mai laushi. Me ya fi buhuna laushi? Ya kwantar da kwalin a kai, ya rufe mota, ya koma kujerarsa. Bai tambayi kowa ba.

Mun wuce Badagiri kaɗan motar ta faɗa wani rami, har kaina ya bugi rufi. Na ji wani ƙas daga baya, ban kawo komai ba. Sai wari ya fara tasowa, kamar zoɓon da ya kwana uku a rana aka manta da shi. Mista Toni ne ya fara ihu, "Tsaya! Tsaya!"

Da direba ya ɗaga ƙofar baya, kwalin ya jiƙe ya saki, kwalabe biyu sun fashe, buhuna ya shanye su tas. Na fizgo shi na kwance bakin a gefen titi. Kun tuna na ce ninke yadin aka yi gida-gida? To jan ya ratsa ta tsakiya tun daga sama har ƙasa. Duk ninkin da na buɗe, ga tabo kamar faifai. Na buɗe na gaba, ga shi. Na gaba, ga shi. Babu hijabi ɗaya da za a yanka a tsira.

Ina durƙushe, sai na ji kuka-kuka a bayana. Na ɗauka tausayina wani ya ji. Ina juyawa na ga Mista Toni riƙe da wuyan fasasshiyar kwalba yana shinshinawa, 'yan ƙungiyarsa sun kewaye shi suna dafa masa kafaɗa kamar an yi masa rasuwa. Ɗaya har yana cewa, "Ji ƙanshin, kai, asara!"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Turancin da ya mutu a Kwatano ya dawo da ƙarfinsa. Na ce masa wa ya ba shi izinin taɓa kayana? Na ce wannan tufafin yaran da suka sauke Alƙur'ani ne, ya san abin da ya zuba musu? Ya ce laifin hanya ne, laifin direba ne, kuma ai shi ma ya yi asara, nawa yadi ne kawai, ana saƙa wani gobe, tasa kuwa ba za a sake yin irinta ba har abada. Wallahi ba don Goggo ta riƙe mini mayafi ba, da tabaran nan ba su koma Legas ba.

Sai wani daga cikinsu ya zo da gudu da wata kwalbar, yana murna ya samo dabara. Wai a wurinsu sananne ne, in ja ta zube a tufafi sai a kwarara mata fara, ita ke cire ta. Har ya fara murɗa marfin a kan yadina. Na ce, "In ɗigo ɗaya ya sauka a nan, ni da kai sai an raba mu." Wato maganin giya a wurinsu ƙarin giya.

Madam Bisi ce ta daka musu tsawa da Yarabanci, duk suka watse. Ta tsallaka titi ta sayo gishiri da ruwan leda mai yawa, ta tuɓe takalmanta masu tsini, ta durƙusa cikin ƙasa da leshinta mai tsada, muka yi ta zuba ruwa muna barbaɗa gishiri. Ta ce a hankali, "Na yi makarantar allo kaɗan da ƙawayena a Kano. Na san abin da sauka take nufi. Ki yi haƙuri, 'yata." Na ci gaba da barbaɗa gishirina. Da za mu rabu a Legas ta miƙo mini wani abu a dunƙule na ƙi karɓa, ashe ta zagaya ta cusa wa Goggo, ita kuwa ba ta ƙi ba. Mista Toni ko sallama bai yi mana ba, ya tafi rungume da sauran kwalabensa.

Daga Legas har Wudil, karatu ɗaya Goggo ke mini. "Zoɓo ne. Kin ji ko? Wata mai zoɓo ce ta yi mana ɓari a tasha. Kin san halin ubanki, in ya ji sunan abin nan zai sa a ƙone yadin, ni kuma ya daina gaishe ni. Maimaita."

Na ce, "Zoɓo ne."

Mun iso bayan la'asar, Baba na zaure shi kaɗai. Na ajiye buhun a gabansa. Ya buɗe ninki ɗaya, ya buɗe na biyu, ya ɗago ya dube ni. Goggo ta yi gyaran murya.

Na ce, "Giya ce, Baba. Jar giya. Wani ne ya ɗora a kai muna salla."

Goggo ta ce, "La ila, wannan yarinya!"

Baba bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya tambayi yadda aka yi, na faɗa masa tun daga farko. Ya ce ba za a ƙone dukiyar mutane ba, najasa ce, najasa kuma ruwa ke gusar da ita. A wanke har ruwan ya riƙa fita garau. In launi ya ƙi fita bayan an yi iya yi, an yafe shi. Amma ɗanɗano dole ya tafi.

Ni da Nusaiba da Inna mahaifiyarmu muka yi ta wanki a bakin rijiya har fatar hannunmu ta yi fari ta tattare. Nusaiba tana dirza tana share ido da kafaɗa, wannan ya fi zagi ciwo. Warin ya tafi. Jan ya koma ruwan hoda, ya tsaya a nan ya ƙi motsi. Mun gwada bilic a wani gefe, wurin ya koma rawaya, muka bari.

Baba ya fito ya tsaya a gaban igiyar shanya. Ya ce, "Saura ɗanɗano."

Inna ta dubi Goggo, Goggo ta dubi sama. Inna ta ce, "To Malam, wa ya san ɗanɗanonta a gidan nan, balle ya ce ya tafi ko bai tafi ba?"

Sai na ga duk sun juyo suna kallona. Haushi ya kama ni, don gaskiya ne, duk Birnin Kudu ban ga wanda aka yi wa darasin abin nan kamar ni ba. Na kama gefen da tabon ya fi yawa na ɗora a harshena.

Baba ya ce, "Yaya?"

Na ce, "Babu itace, babu hayaƙi, babu fata. Sabulu ne kawai."

Ya ce, "Fata kuma?"

Na ce, "Baba, don Allah kada ka tambaye ni."

Washegari ya tara iyayen yara ya faɗa musu komai, bai rage ba. Matar da ta sayar da akuyarta ce ta fara magana. Ta ce in Malam ya ce ya tsarkaka, ya tsarkaka, amma 'yarta ba za ta tsaya gaban jama'a da tabo a baya ba. Goggo ta ce ta san wani marini a Gwaram, kuma ita za ta biya. Da abin da Madam Bisi ta cusa mata ta biya, na sani, na yi shiru. Marinin ya ce launin da zai haɗiye wannan tabon sai makuba. Shi ke nan dalilin. Ba yayi ba ne, ba kuma wani sabon tsari Baba ya kawo ba, duk da na ji Goggo ranar walima tana faɗa wa matan ƙauyen Kiyako cewa haka 'yan Kwatano ke yi yanzu.

Nusaiba ta yi karatunta ba gargada. Ni ina can baya wajen tukwane, ina kallon layin hijaban, ina neman inda tabon yake ban gani ba, amma na san wurin kowanne.

Bayan an watse Baba ya kira ni zaure. Ya ce iyaye sun ce launin ya yi musu, baɗi ma irinsa suke so. Ya ce, "Za ki koma?"

Na ce, "Kwari, Baba. A je da safe a dawo da yamma. Kuma buhun a cinyata zai zauna."

Ya ce, "To. Ke za ki riƙe kuɗin."